Me ya sa aka zana kayan gargajiya da hannu alhali akwai kyamara?

Tambaya: Wani ɗalibin fannin zane ya rubuto cewa ya ci karo da zane-zanen kayan sana'ar hannu na Amurka a cikin tarin da ake kira Index of American Design, wato tuluna da barguna da sassaƙe-sassaƙe da kayan ƙira, waɗanda aka zana da fentin ruwa har mutum ya rantse hotuna ne. Yana son ya san dalilin da ya sa gwamnati za ta biya mutum ya shafe kwanaki yana zana tulu ɗaya a zamanin da kyamara ta riga ta yaɗu, kuma ko mai bincike zai iya kafa hujja da irin wannan zane.

Amsa: Ɗan'uwa, tambayoyinka biyu ne, amma amsar ta biyun tana cikin ta farkon. Irin wannan zane shaida ce ta mutumin da ya zauna gaban abu ya ƙura masa ido na tsawon lokaci, ya auna shi, ya juya shi, sannan ya rubuta abin da ya gani da burushi. Saboda haka ana karɓarsa ne kamar yadda ake karɓar kowace shaida: a san wanda ya ba da ita, a san ƙa'idar da aka gindaya masa, a kuma san abin da ba a nuna masa ba.

Tarin da ka gani ya samo asali ne daga durƙushewar tattalin arzikin Amurka da ta fara a 1929. A 1935 gwamnatin Shugaba Franklin Roosevelt ta kafa hukumar samar da ayyukan yi da aka fi sani da WPA, a ƙarƙashinta kuma aka buɗe sashen masu zane wanda Holger Cahill ya jagoranta. Masu zanen tallace-tallace da na mujallu da na masana'antu sun rasa aiki kamar kowa, kuma a birnin New York abin da hukumar ke biyan mai zane bai wuce dala 23 da 'yan kai a mako ba. Tunanin yin wannan kundi ya fito ne daga mata biyu, Romana Javitz, shugabar sashen hotuna a babban ɗakin karatu na New York, da Ruth Reeves, mai tsara zanen yadi. Javitz ta lura cewa masu zane suna zuwa neman samfurin adon Amurka na dā, ba ta da abin da za ta ba su, alhali ƙasashen Turai sun daɗe da tattara nasu a manyan littattafai. To, ka ga manufa biyu ce ta haɗu: a ba marasa aiki abin yi, a kuma tara wa masu tsara kaya na zamani abin da za su ɗora a kai. Wanda ya manta da manufar farko zai yi ta mamakin yawan lokacin da aka kashe, domin a tsarin da aka kafa don a ɗauki mutane aiki, aikin da ke cin lokaci ba aibu ba ne.

Daga 1935 zuwa 1942 ɗaruruwan masu zane a jihohi fiye da 30 suka samar da zane kusan 18,000 na kayan da aka yi tun zamanin mulkin mallaka har zuwa ƙarshen ƙarni na 19. Akwai mutum-mutumin katako da ake kafawa a goshin jiragen ruwa, da zakarun ƙarfe da ake ɗorawa kan rufi don nuna inda iska ke kaɗawa, da kujeru da akwatunan mabiya ɗariƙar Kirista ta Shaker, da kwanukan yumɓu na Jamusawan Pennsylvania, da gumakan waliyyai na New Mexico, da sirdi da ƙaimi da ƙarafan yi wa shanu tambari daga yammacin ƙasar, har da kayan wasan yara da dawakan lilon kewaye.

Amma neman aikin yi bai isa ya bayyana dalilin da ya sa aka zaɓi burushi ba, tunda masu ɗaukar hoto ma suna cikin marasa aikin, kuma shirin ya yi amfani da hoto a wasu wurare. Dalili na farko shi ne launi. Fim ɗin Kodachrome mai ɗaukar launi ya fito kasuwa ne a 1935, shekarar da aka fara aikin, kuma hoto mai launi a lokacin yana da tsada, ba a kuma san ko launinsa zai jure shekaru ba. Hoton baƙi da fari kuwa yana cin amanar launi ta hanyar da mutane da yawa ba su sani ba: ja da kore masu duhu iri ɗaya suna iya fitowa toka iri ɗaya, har adon da ke kan bargo ya ɓace gaba ɗaya, kuma tsoffin nau'o'in fim suna mayar da ja baƙi ƙirin, shuɗi kuma ya kusa zama fari. Ga wanda ke son ya san irin rinin da masaƙa suka yi amfani da shi, irin wannan hoto ya fi rashinsa haɗari, domin yana da kamannin gaskiya.

Dalili na biyu shi ne wanda bai tsufa ba har yau, kuma shi ya fi cancanta ka tsaya a kansa. Ɗauki misalin tulun yumɓu mai ƙyallin gishiri, irin wanda ya yawaita a cikin tarin. Maginin yana watsa gishiri ne a cikin murhun gasawa lokacin da wuta ta kai maƙura, gishirin ya zama tururi ya haɗu da jikin yumɓun, ya bar masa fata mai ƙyalli mai ƙananan tudu da kwari. A jikin tulun akwai tsuntsu da aka zana da shuɗi kafin a gasa, a kafaɗarsa kuma akwai hatimin magini da aka danna tun yumɓun yana ɗanye. Idan ka haska fitila daga gefe don tudun fatar ya fito, ƙyallin zai tara haske a wuri ɗaya ya rufe rabin tsuntsun. Idan ka baje hasken don tsuntsun ya fito sarai, hatimin zai baje ya kasa karantuwa, fatar kuma ta zama sumul kamar ta gilashi. Kyamara tana ɗaukar haske ɗaya ne a daƙiƙa ɗaya, saboda haka dole ka zaɓi abin da za ka sadaukar. Mai zane ba ya cikin wannan takura. Yana duban hatimin da hasken gefe ya zana shi, ya juya tulun ya dubi tsuntsun da hasken rana, ya shafa fatar da yatsa, ya rage ƙyallin zuwa ɗan abin da zai nuna wa mai kallo cewa tulun yana ƙyalli ba tare da ya ɓoye komai ba. Abin da ke kan takardarsa a ƙarshe taƙaitawa ce ta kallo masu yawa, kuma babu wani lokaci guda da tulun ya taɓa bayyana haka ga idon kowa. A nan ƙarfin zanen yake, a nan kuma ya kamata mai bincike ya fara yin hattara, domin duk inda aka yi taƙaitawa an yi zaɓi.

Dabarar da aka bi ba a Amurka aka ƙirƙiro ta ba, daga masu binciken kayan tarihin Masar aka aro ta. Joseph Lindon Smith ya shafe shekaru yana kwafar sassaƙen bangon kaburburan Masar da fenti, kuma Suzanne Chapman, wadda ta yi aiki a gidan tarihin fasaha na Boston, ta koyar da masu zanen shirin irin wannan tsantseni. A Masar ɗin ma, tun daga 1907, Norman de Garis Davies da matarsa Nina sun yi ta kwafar zanen kaburburan Thebes wa gidan tarihin Metropolitan na New York, suna ɗora takarda mai shara-shara a kan bango suna bin layi, sannan su daidaita launi a gaban bangon kansa. Wasu daga cikin bangayen sun lalace daga baya, kwafin nasu ya zama shi ne madogara. Ƙa'idar wannan makaranta ɗaya ce, kuma mai wuya ce ga duk wanda ya iya zane: kada ka gyara. Inda fenti ya ɓare ka zana ɓarewar, inda magini ya karkace ka bi karkatarsa.

Yadda aikin ke tafiya kuwa, ana fara auna abin ne ta kowane ɓangare, a tsayar da ma'aunin da za a rage shi ko a ƙara shi, a fitar da siffarsa da fensir mai tauri wanda ba ya barin baƙi. Daga nan a shimfiɗa launi mafi haske, a jira ya bushe, a ɗora wani a kai, a yi ta hawa-hawa har a kai ga mafi duhu, domin fentin ruwa ba ya yarda a koma baya. Abin da ka duhunta ya duhunta. Wuraren da haske ke faɗawa ana barinsu farin takarda ne tun farko, ko a kankare su da bakin wuƙa a ƙarshe. Idan bargon saƙa ne, mai zanen sai ya fahimci yadda zaren tsaye da na kwance ke hawa kan juna kafin ya taɓa burushi, in ba haka ba zai zana abin da babu masaƙar da za ta iya fitar da shi, kuma duk masaƙin da ya duba zai gane. Da burushi mai gashi ƙalilan, kusan a bushe, ake bin zaren ɗaya bayan ɗaya, har da inda ya yi gashi-gashi saboda wanki da inda asu ya ci. Wannan shi ya sa nake ganin mai zanen kirki a wannan fanni yakan ƙare da sanin sana'ar da yake zanawa fiye da mai kayan. Akwai kuma masu sa ido da ke duba kowane zane kafin a karɓe shi, suna mayar da wanda bai kai ba, abin da ya sa hannun mutum ɗaya ba ya cika bambanta da na wani a cikin tarin. An so mai zanen ya ɓace, abin ya bayyana.

Yanzu ga batun kafa hujja. Kowane zane a tarin yana tafe da takardar bayani da ke faɗin abin da aka yi kayan da shi, da girmansa, da wanda ya yi shi idan an sani, da wuri da zamanin da aka yi shi, da wanda ke riƙe da shi lokacin da aka zana. A wurin mai bincike wannan takarda rabin aikin ce, kuma zanen da ya rabu da takardarsa ya zama ado kawai. Sai dai amincin ɓangarorin biyu ba ɗaya ba ne. Abin da mai zanen ya gani da idonsa, wato siffa da launi da lalacewa, ana iya dogara da shi sosai. Abin da aka faɗa masa kuwa, kamar cewa kakar wance ce ta saƙa bargon a shekara kaza, labari ne da ya fito daga bakin magada ko masu tara kaya ko dillalan tsoffin kaya, kuma dillali yana da riba idan kayansa suka tsufa a takarda. Saboda haka ka riƙi zanen a matsayin hujja kan yadda abin yake a shekarun 1930, ka riƙi shekarar da aka rubuta a takardar a matsayin iƙirari da ke jiran tabbaci.

Akwai kuma abubuwan da zanen ba zai taɓa gaya maka ba komai kyansa. Kusan kullum ana ajiye abin ne shi kaɗai a tsakiyar farar takarda, babu ɗakin da yake zaune, babu hannun da ke amfani da shi, babu sauran kayan da ke kewaye da shi. Kujerar Shaker da aka raba da ɗakin ibadarsu da ƙa'idar rayuwarsu tana komawa siffa tsantsa, kuma ba kuskure aka yi ba, haka aka so, domin masu shirin suna neman samfurin da masu tsara kayan masana'antu za su ara. Cahill da kansa shi ya shirya baje kolin fasahar talakawan Amurka a gidan tarihin fasahar zamani na New York a 1932, kuma idon mutanen zamaninsa ya fi karkata ga abu mai sauƙin layi wanda ya yi kama da fasahar zamani. Wannan son ya shiga cikin zaɓin abin da aka zana. Haka kuma yawanci fuska ɗaya ake nunawa, alhali bayan kujera da ƙarƙashin akwati su ne wuraren da kafinta ke barin sawun kayan aikinsa. Nauyi ma ba ya zanuwa.

Giɓin da ya fi girma yana cikin abin da ba a zana ba sam. Kayan 'yan asalin ƙasar, wato Indiyawan Amurka, an bar su a waje in ban da 'yan kaɗan, kuma aikin hannun baƙaƙen fata da aka bautar bai samu wurin da ya kai yawansa ba. Jihohin arewa maso gabas sun cika tarin saboda a can ƙwararrun masu zane da gidajen tarihi suka fi yawa, kudu kuwa rabonta ya yi ƙaranci. Wanda ya ƙirga tuluna da barguna a tarin don ya gano abin da Amurkawa suka fi yi, abin da zai gano a zahiri shi ne inda hukumar ta samu ma'aikata.

Zai taimake ka ka san cewa ba duk zanen adana kayan gargajiya ne ke bin wannan hanya ba, kuma kowace hanya da irin tambayar da take iya amsawa. Owen Jones na Ingila, wanda ya auna adon fadar Alhambra ta Sifen a 1834 ya kuma wallafa babban kundin adon al'ummomi a 1856, yana ciro adon ne daga jikin abin, ya miƙe layinsa, ya cike inda ya goge, ya jera shi a shafi tare da 'yan'uwansa. Aikinsa yana koya maka tsarin adon, amma ba zai gaya maka halin da wani bango ko wani kwano yake ciki ba. A ɗaya gefen akwai shirin Recording Britain na zana wurare da gine-ginen Birtaniya, da masanin tarihin fasaha Kenneth Clark ya assasa a farkon Yaƙin Duniya na Biyu, da kuɗin gidauniyar Pilgrim Trust, wanda ya samar da zane sama da 1,500 da yanzu ke hannun gidan tarihin Victoria da Albert a Landan. Cikin masu zanensa akwai Barbara Jones, wadda ta bi wuraren wasannin kewaye da kwale-kwalen magudanan ruwa masu fenti da allunan shaguna, ta kuma shirya baje kolin irin waɗannan kaya a Whitechapel da ke Landan a 1951. Ita ba ta ɓoye hannunta, kuma tana zana abin a inda ta same shi, da tantinsa da lakarsa. Idan kana son ka ƙirga zare, je ka wurin Amurkawan. Idan kana son ka san inda dokin lilo yake tsayawa da abin da ke gefensa, ita ce shaidarka. A nawa ganin, wanda ya zargi ɗayansu da rashin abin da ɗayan ke da shi bai fahimci aikin da kowannensu ya ɗauka ba.

Idan zane ya zo hannunka kana son ka gwada amincinsa, abu na farko da za ka nema shi ne lalacewa. Tsohon abu da aka zana ba tsaga, ba tsatsa, ba tabo, ko dai an gyara shi kafin a zana, ko mai zanen ya gyara shi a takarda, kuma duka biyun suna rage darajar shaidar. Ka duba ko an rubuta girma ko ma'auni, ka bincika ko a gaban abin aka zana ko daga hoto aka kwafa, domin wanda ya kwafa daga hoton baƙi da fari ƙirƙirar launi ya yi. In abin yana nan a wani gidan tarihi, ka gwada su, ka tuna kuma cewa bambancin da za ka gani ba lallai laifin mai zanen ba ne. Wataƙila rinin bargon ne ya koɗe a cikin shekaru fiye da 80 da suka wuce, zanen da ke kwance a akwati cikin duhu ya riƙe launin da aka gani a lokacin. Takarda ma tana yin rawaya, wasu launukan fentin ruwa suna gudu idan haske ya daɗe a kansu, allon kwamfuta kuma yana ƙara nasa canjin, saboda haka hukunci kan launi ba a yanke shi daga abin da aka gani a intanet.

Abin takaici a tarihin wannan tari shi ne an yi shi don a buga shi a rarraba wa makarantu da masana'antu, amma tsadar buga launi da shigar Amurka yaƙi a ƙarshen 1941 suka hana, in ban da 'yan ƙananan kundaye. Da aka rufe shirin a 1942 an kai zanen gidan tarihin Metropolitan, a 1943 kuma aka mayar da su babban ɗakin fasaha na ƙasa da ke Washington, inda suke har yau. Sai a 1950 Erwin Christensen ya fitar da littafi ɗauke da zaɓaɓɓu daga ciki, a 2002 kuma ɗakin ya baje wasu zanen kusa da ainihin kayan da aka iya ganowa. Kayan da yawa sun sauya hannu, wasu ba a san inda suka shiga ba, saboda haka a kansu zanen ne kaɗai ya rage.

Game da ko hanyar ta mutu, ba ta mutu ba. Masu tonon kayan tarihi har gobe suna zana fasassun tukwane da hannu, suna raba zanen gida biyu, gefe ɗaya ya nuna kaurin bango da cikin tukunyar, ɗayan ya nuna adon waje, abin da hoto ɗaya ba ya iya yi. Makaman dutse ma zana su ake yi don a nuna inda kowane bugu ya faɗa da wanda ya riga wani. Idan kai ma kana son ka gwada, ka haɗa hanyoyin biyu: ka ɗauki hoto ta kowace fuska da ma'auni a gefe, ka zana abin da hoton ya kasa rabewa, musamman haɗin katako da tafiyar zare da baya da ƙarƙashi. A bayan takardar ka rubuta ranar da ka zana da irin hasken da ka yi aiki da shi, ka kuma ware abin da ka gani da idonka daga abin da mai kayan ya faɗa maka, kowanne a layinsa.